Zan je Washington: gidajen tarihi zan fara da su ko wuraren tunawa da mazan jiyansu?

Abban_Khalil:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ofishinmu zai tura ni horo Washington a watan Yuli in Allah ya kai mu. Ranar Juma'a za a kammala horon, saboda haka ina da yinin Asabar da safiyar Lahadi kafin jirgina. Abokan aikina biyu da suka taɓa zuwa sun raba mini hankali. Ɗaya ya ce in shige gidajen tarihi kawai, wai wuraren tunawa da mazan jiyansu ba komai a ciki sai dutse da gunki da zafin rana. Ɗayan ya ce bai ga abin da ya tsaya masa a rai a garin ba kamar waɗannan wuraren da wancan ke rainawa. To masana, da wanne zan fara? Kuma nawa ake biya? Don guzurin da ake ba mu, kun san labarinsa.

Dan_Maryland:
Wa alaikumus salam, Allah ya kawo ka lafiya. Batun kuɗi ka kwantar da hankalinka, gidajen tarihin cibiyar Smithsonian da ke Washington ko sisi ba a biya, haka wuraren tunawar. Amma wasu gidajen sai ka yanki tikitin kyauta ta intanet mai ɗauke da lokacin shigarka, musamman na jiragen sama da na tarihin baƙaƙen fatar Amurka. Yuli lokacin hutun 'yan makaranta ne, in ka bari sai ka sauka, ka iya tarar da na Asabar sun ƙare. Yanka tun kana gida.

Kusan duk abin da kake nema yana fili ɗaya da ake kira National Mall. Daga ginin majalisa zuwa wurin tunawa da tsohon shugabansu Lincoln ya haura kilomita 3, gidajen tarihin na jere dama da hagu a rabin gabas, wuraren tunawar kuma suna rabin yamma. Gidajen galibi ƙarfe 10 ake buɗewa a rufe 5:30, su kuwa wuraren tunawar a buɗe suke dare da rana. Ka ga ashe ba sai ka zaɓi ɗaya ba. Rana a cikin gida, yamma a waje.

Maman_Nana:
Ni dai shawarata ɗaya, takalmi. Kada ka yarda ka sa sau-ciki na ofis. A taswira komai kusa yake, a ƙafa kuwa sai ka gaya wa jikinka. Kuma kada ka ce kai Bakano ne ba ka tsoron zafi, nasu da gumi yake zuwa, riga sai ta manne a baya. Ka riƙe gorar ruwa, akwai famfo a cikin gidajen da za ka ƙara.

Injiniya_Bello_Skt:
Jiragen sama, Malam, jiragen sama! Jirgin da 'yan'uwan nan Wright suka tashi da shi a 1903 yana nan, na ainihi, katako da ƙyalle da waya. Ka tsaya gabansa, sannan ka taka ka je ka ga Columbia, akwatin da ya dawo da mutum uku na Apollo 11 daga tafiyar wata a 1969. Tsakanin wannan da wancan shekara 66 ne kacal. Wanda aka haifa lokacin na farko zai iya kallon na biyu da idonsa. Akwatin nan kuwa in ka leƙa za ka yi mamakin yadda manyan maza uku suka yi kwanaki a ciki. Akwai ma ɓallin dutsen wata da ake bari ka taɓa.

Sarkin_Gardama:
To ni ban gane ba. Mutum ya tashi daga nan ya je ya tsaya gaban gunkin wani Bature da ya mutu, don me? Tarihinsu ne, su ya dama. Kai je ka sayo wa Khalil tsaraba ka dawo gida.

Almajirin_Zaure:
@Sarkin_Gardama ai ba bauta zai je yi ba. Alƙur'ani a wurare da dama ya yi umarni a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance. Hukuncin sassaƙa mutum-mutumi daban, wannan a tambayi malamai. Amma mai wucewa da ya tsaya ya karanta abin da ya faru da wata al'umma, ban ga inda ya kauce ba. Allah ne mafi sani.

Sarkin_Gardama:
Na ji, Malam. Amma dai tsaraba ta fi.

Malamin_Tarihi:
Tunda an ambaci kyauta, bari in faɗi asalinta. James Smithson, wanda aka sa wa cibiyar sunansa, masanin kimiyya ne ɗan Ingila da ko sau ɗaya bai taɓa taka Amurka ba. Ya rasu a Italiya a 1829, ya bar wasiyya cewa idan ɗan ɗan'uwansa ya mutu ba magaji, dukiyar ta tafi Amurka a kafa cibiyar ƙara ilimi da yaɗa shi. Haka kuwa aka yi. Kuɗin ya kai kusan dala rabin miliyan a tsabar zinariya, majalisa ta yi shekaru tana ja-in-ja kan abin da za a yi da shi, sai a 1846 aka kafa. Yau kaso mai yawa na kuɗin gudanarwa daga gwamnatin tarayya yake fitowa, shi ya sa in rikicin kasafin kuɗi ya tsayar da ayyukan gwamnati, gidajen ma rufewa suke, kamar yadda aka gani a 2013 da farkon 2019. Ka riƙa sauraron labarai kafin ka tashi.

Wani abu da za ka lura da shi: dogon hasumiyar Washington da ke tsakiyar filin, mai tsawon mita 169, launin dutsenta ya canza daga wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙasa. An fara ta a 1848, kuɗi ya ƙare a 1854, yaƙin basasa ya biyo baya, ba a kammala ba sai 1884 da dutsen wani wuri daban. Ashe su ma sun san aikin da aka yi watsi da shi.

Yar_Zazzau_a_DC:
Yaya Abban Khalil, in gida ɗaya tal za ka shiga, ka shiga na tarihin baƙaƙen fata. Ba don ni mace ce mai saurin kuka ba, na ga ƙattai suna share ido a ciki.

An buɗe shi a Satumban 2016, Obama ne ya buɗe. Babban mai zanen ginin David Adjaye ne, ɗan asalin Gana, kuma siffar waje mai hawa uku daga wani sassaƙen Yarabawa aka ɗauko ta. Amma yadda aka tsara cikin shi ne abin. Ba daga sama ake farawa ba. Sai an saukar da kai can ƙarƙashin ƙasa, inda wuri yake da duhu da ƙunci, ka fara daga shekarun 1400 da cinikin bayi ta teku, sannan ka riƙa hawowa a hankali kana bin shekaru. A bangon akwai sunayen jiragen ruwa da adadin mutanen da aka loda da adadin da suka isa da rai. Lokacin da na je akwai sandunan ƙarfe da aka tsamo daga São José, jirgin da ya nitse kusa da Cape Town a 1794 ɗauke da ɗaruruwan mutanen Mozambik. Da waɗannan sandunan ake daidaita nauyin jirgi idan lodin mutane ne.

Gaba kaɗan akwai ɗakin katako na bayi da aka kwaso daga wata gona a South Carolina, da taragon jirgin ƙasa da aka raba gida biyu, na farare da na baƙaƙe. Sai ɗakin Emmett Till, yaro ɗan shekara 14 da aka kashe a Mississippi a 1955. Mahaifiyarsa ta ce a bar akwatin gawarsa a buɗe duniya ta ga abin da aka yi masa. Wannan akwatin yana nan. Ana bin layi, ba a ɗaukar hoto, kuma ba sai an ce ka yi shiru ba.

Benen sama kuma kiɗa ne da wasanni, su Muhammad Ali. Da yawa ba sa isa can, ƙarfi ya ƙare tun a ƙasa. Ka ware masa awa huɗu ko ka haƙura da shi baki ɗaya.

Injiniya_Bello_Skt:
Awa huɗu a gida ɗaya? To jiragen fa, Hajiya?

Yar_Zazzau_a_DC:
Injiniya ai jirgi zai hau ya zo, jirgi zai hau ya koma, ya ishe shi haka 😄

Jikan_Tsohon_Soja:
Ni ina bayan abokin aikinka na biyu. Bangon Biyetnam shi ne abin da ban manta ba. Daga nesa ba ka ma ganin sa, don a cikin ƙasa aka yanka shi. Baƙin dutse ne mai sheƙi, ka fara tafiya yana wajen idon sawunka da layin suna ɗaya, kana gangarawa yana tsawo har ya fi ƙarfin kanka. Sunaye sama da 58,000 na sojojin Amurka da suka mutu ko suka ɓace a yaƙin Biyetnam. Ba muƙami, ba janar ba kurtu, an jera su ne bisa ranar da kowa ya faɗi. Kana karantawa kana ganin fuskarka a cikin dutsen. Na ga wata tsohuwa ta ɗora farar takarda kan wani suna tana goga fensir har sunan ya fito, ta ninke ta sa a jaka.

Abin da ya sa ya taɓa ni, kakana yana cikin waɗanda aka kwasa zuwa yaƙin Bama. Shi ya dawo, amma yakan lissafa abokansa da ba su dawo ba, mutanen garinmu da na kewaye. Da ya rasu, sunayen suka bi shi. Babu inda aka rubuta su.

Malamin_Tarihi:
@Jikan_Tsohon_Soja Allah ya jiƙan Baba. Sai dai ƙarshen maganarka akwai gyara. A maƙabartar Taukkyan da ke wajen Yangon a ƙasar Bama akwai ginshiƙai ɗauke da sunaye kusan 27,000 na sojojin ƙasashen rainon Ingila da ba a san kabarinsu ba, kuma akwai 'yan Afirka ta Yamma a ciki, waɗanda suka yi yaƙi a runduna ta 81 da ta 82. Hukumar da ke kula da kaburburan tana da rumbun sunaye a intanet, ana iya nema. Matsalar ita ce yadda aka rubuta sunayen, mutum da sunan garinsu kawai, Musa wane gari, Garba wane gari.

Shi kuma bangon Biyetnam, Maya Lin ce ta zana shi tana ɗaliba 'yar shekara 21, zanenta ya yi nasara cikin 1,421 da aka gabatar. Da farko wasu tsofaffin sojoji sun ƙi shi sosai, suna ganin baƙin rami cin fuska ne, har sai da aka ƙara mutum-mutumin sojoji uku a gefe a 1984, shekara biyu bayan buɗewa.

Jikan_Tsohon_Soja:
To Malam, suna a Yangon, jikoki a nan, wa zai je ya gani?

Sarkin_Gardama:
Yauwa, yanzu aka zo wajen. Sunaye 58,000 kun ce. To 'yan Biyetnam ɗin da aka kashe a ƙasarsu, miliyoyi, ina nasu bangon a filin? Kuma tsofaffin shugabanninsu Washington da Jefferson da aka gina wa waɗannan manyan wurare ba masu bayi ba ne? Kowa kansa yake yabo.

Dan_Maryland:
Wannan karon ka faɗi gaskiya, Sarki. Jefferson ya mallaki sama da mutum 600 a rayuwarsa. Amma ka sani, a cikin gidan da Yar_Zazzau ta kwatanta akwai mutum-mutuminsa tsaye, a bayansa tarin tubala, an rubuta sunayen bayinsa a jiki. Tafiyar minti ashirin ce daga nan zuwa katafaren wurin da aka gina don girmama shi. Duka biyun a gari ɗaya, da kuɗin gwamnati ɗaya. Ana ta faɗa a kan haka har gobe, wasu 'yan siyasa na cewa gidajen tarihin sun cika tona asiri. Ni dai ban ce sun wanke kansu ba.

Dan_Damagaram:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Ina karanta ku ina dariya, kowa Amurka Amurka. Wa ya taɓa zuwa gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai cikinku? Tun 1959 yake nan, kafin ma a samu 'yancin kai. Akwai ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe da aka tono a hamadarmu, akwai namun daji, akwai maƙera da dukawa da masaƙa suna aiki kana kallo kana ciniki. Akwai Bishiyar Tenere, wadda ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar hamada ayari na gane hanya da ita, har wata babbar mota ta buge ta a 1973 aka kwaso gangar jikinta aka gina mata rumfa. Ranar salla wurin cika yake da yara. Ba biza, ba jirgi.

Maman_Nana:
Wallahi Dan_Damagaram ka kunyata mu. Ni ko Gidan Makama da ke bayan gidanmu rabona da shi tun muna firamare.

Bakatsine_Abuja:
Ni tambayata, baƙo ya zo Abuja ya ce in kai shi inda zai ga tarihin Najeriya, ina zan kai shi? Akwai wurin tunawa da sojoji kusa da Eagle Square inda ake ajiye furanni kowace 15 ga Janairu, amma ni a talabijin nake ganin sa. Motar da aka harbe Janar Murtala a ciki ranar 13 ga Fabrairun 1976, da ramukan harsashi a jikinta, tana gidan tarihi na Legas. Alhali gwamnatinsa ce ta kafa dokar ƙirƙiro Abuja kwanaki kaɗan kafin a kashe shi. An tare tun 1991, har yanzu in kana son tarihi sai ka bi hanya: Jos don kayan Nok, Gidan Arewa a Kaduna don Sardauna, Bauci don kabarin Tafawa Ɓalewa.

Hauwa_Kulu_90:
Ni kuma ina ganin warwatsuwar ba laifi ba ce. In aka tattara komai a Abuja, ɗan Bauci sai ya yi kuɗin mota kafin ya ga nasa. A gyara waɗanda ake da su tukuna.

Bakatsine_Abuja:
Anti ba cewa na yi a kwashe ba. A ce dai babban birni yana da nasa.

Malamin_Tarihi:
Tunda an taɓo gida, akwai abubuwan da suka shafe mu a can Washington ɗin. Gidan fasahar Afirka na Smithsonian ya miƙa wa Najeriya mallakar kayan tagullar Benin guda 29 a Oktoban 2022, cikin waɗanda sojojin Ingila suka wawashe a 1897, ko da yake wasu sun ci gaba da zama a can a matsayin aro. Ƙaramin gida ne, yawancinsa a ƙarƙashin ƙasa, ba cunkoso.

Sai babban ɗakin karatu na majalisa. Suna da tarjamar Alƙur'ani ta George Sale da Jefferson ya saya a 1765, wadda Keith Ellison, Musulmi na farko a majalisar wakilai, ya ɗora hannu a kai a bikin rantsuwarsa a 2007. Kuma a 2017 suka mallaki rubutun Umar ibn Sa'id, malami daga Futa Toro ta yankin Senegal da aka sayar bawa, ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831 yana North Carolina. Da Suratul Mulk ya buɗe. Duk wanda ya yi makarantar allo zai gane irin wannan hannun. Ba kullum ake fito da ainihin takardun ba, amma suna intanet. Kuma majalisar da ke tsallaken titi, Tafawa Ɓalewa ya yi jawabi a zauren wakilanta a Yulin 1961 lokacin da ya ziyarci Shugaba Kennedy.

Abban_Khalil:
Kai jama'a, na gode ƙwarai, amma kun ƙara mini lodi. Salla da abinci fa? Kuma gidan tarihin kisan Yahudawa da na ji ana faɗa, ya shiga lissafi?

Dan_Maryland:
Salla: ni ƙaramar darduma nake sawa a jaka in samu inuwar bishiya a gefen filin. In kana son masallaci, akwai Cibiyar Musulunci a titin Massachusetts, cikin unguwar ofisoshin jakadanci, tun 1957, amma sai ka hau mota. A Yuli rana ba ta faɗuwa sai wajen 8:30, kana da yamma mai tsawo. Abinci kuma akwai motocin sayar da abinci jere a bakin titi, da yawa sun rubuta halal. Ka tambayi farashi kafin a zuba maka.

Yar_Zazzau_a_DC:
Gidan kisan ƙare-dangin kada ka haɗa shi rana ɗaya da na baƙaƙen fata, zuciya ba za ta ɗauka ba. A ƙofa ake ba ka kati mai ɗauke da labarin wani mutum na gaske, kana hawa-hawa kana buɗe shafi, sai a ƙarshe ka san ko ya tsira. Su da kansu sun ce babban ɓangaren bai dace da yaro ƙasa da shekara 11 ba. Ka bar shi sai wata tafiyar.

Jikan_Tsohon_Soja:
Ga nawa tsarin. Asabar da safe gidan baƙaƙen fata. Bayan la'asar ka gangara yamma: wurin Yaƙin Duniya na Biyu mai taurarin zinariya 4,048, kowane a madadin mutum 100, sai Biyetnam, sai Lincoln. A matakalar Lincoln ka duba ƙasa, an sassaƙa daidai inda Martin Luther King ya tsaya ya yi jawabinsa ranar 28 ga Agustan 1963, mutane na takawa ba su lura ba. In duhu ya yi ka leƙa na yaƙin Koriya, sojojin ƙarfe 19 cikin rigunan ruwa. Lahadi da safe ka haye kogi zuwa maƙabartar Arlington ka ga canjin masu gadi. Akwai kaburbura masu alamar wata da tauraro a ciki.

Injiniya_Bello_Skt:
Lahadin ma maƙabarta? Haba. Ta wane filin jirgi za ka tashi? In Dulles ne, reshen gidan jiragen yana dab da shi, a can Concorde take, jirgin fasinja mai gudun da ya wuce sauti, da Enola Gay, wanda ya jefa bam a Hiroshima. Ka tafi da jakarka, ka gama ka wuce.

Sarkin_Gardama:
Har yanzu ba wanda ya faɗi inda zai sayi tsaraba.

Abban_Khalil:
Dulles ne, Injiniya, amma ƙarfe 2 ya kamata in kasance a filin. Na samu tikitin gidan baƙaƙen fata na Asabar ƙarfe 11. Yanzu Lahadin ce tsakanin Arlington da jirage da ɗakin karatun da Malam ya faɗa, don rubutun Umar ɗin nan ya shiga raina.

Dan_Maryland:
Cire ɗakin karatun daga lissafin Lahadi, ba sa buɗewa. In kana son sa, sai dai ka roƙi masu horon su sallame ku da wuri ranar Juma'a, shi ma da tikiti. A wace unguwa masaukinku yake? In kusa da tashar jirgin ƙasa ne zan faɗa maka layin da za ka hau.